Yadda Na Kai Madam Jiwa

Abuja zuwa Zuba

Ana idar da sallar asuba na fito da akwatin katako a hammata. Wannan tsohuwar Abuja nake nufi, ta gindin dutsen Zuma, tun ba a yi mafarkin babban birni ba. A cikin akwatin akwai Madam, wata 'yar dabba doguwa mai kama da tunku, Turawa na ce mata feret. Baturen gonar da na yi wa kuku ne ya bar mini ita da zai koma gida, namijin da suke tare ya ba wani. Surukina Baba Danladi na Jiwa ya aiko cewa ɓeraye sun addabi rumbunsa, ita kuwa shiga rami ne gadonta.

Abu ɗaya ya dame ni: kwana biyu gashinta zuba yake yi. In na shafa bayanta sai tafina ya cika. Na shiga mota, mun wuce Madalla iska ta kwaso gashin ta watsa wa direba, wani Sale mai baki kamar reza.

"Malam, me ka ɗauko mana?" Ya leƙa. "Kazuwa! Wallahi Zuba ce iyakarka."

Haka aka yi, ya sauke ni yana karkaɗe riga.

Zuba zuwa Gwagwa

Daga nan ƙafa ce. Na yada zango a wata ruga na sayi fura da nono, mai gidan ya hango fatar Madam ya ce in matsa da ita nesa da shanunsa, kirci ba abin wasa ba ne. Na koma gindin ɗorawa na juya ta na duba da kyau. Ba ƙurji, ba ɓawo, ba ta susa, ga ci kamar gara. Inda gashin ya zube fatar ta yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa mata baba. Wace irin cuta ce ke ƙara wa mai ita ƙiba? Da wannan tambaya na kwana a Gwagwa, gidan wani maƙeri da ya ba ni doya da manja, amma ya ce akwatin ya kwana waje.

Jiwa

Da hantsi na shiga gari, ina bin bayan mata da ke ɗauke da itace a kafaɗa. Labari ya riga ni isa. Dattawa sun taru ƙofar gidan surukina, sun ce dabba mai ciwo ba za ta kusanci hatsin mutane ba. Aka kira Gambo maharbi da wuƙarsa. Na roƙa, Baba Danladi ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da hannuna na raine ta.

Gambo ya kama ta ta ƙeya ya birkice ta, sai ya tsaya. Nonuwanta sun fito jajaye, jere biyu, babu gashi kewaye da su. Ya taɓa cikin da yatsa, ya mayar da wuƙa kube.

"Wannan abu ciki gare shi. Mu ba mu kashe mai ciki, ko a daji ne. Ku nemi wani."

Ba wanda ya motsa. Ashe ita da namijin nan ba zaman banza suka yi ba! Aka ba ta tsohuwar tukunya da ƙaiƙayi, ta kwashe gashin da ya zube ta shimfiɗa a ciki. Ban bar Jiwa ba sai da ta haihu, sabon gashi gajere mai sheƙi ya fara tsiro mata. Ɓerayen kuwa warinta kaɗai ya tashe su daga rumbun.

Komawa

Baba Danladi ya ce shayarwa ta fi ƙarfinsa, in dawo da ita in ta yaye. A Zuba sai ga motar Sale. Na buɗe masa akwatin ina taƙama: Madam sumul, ga 'ya'ya jajaye tsirara manne da ita. Ya daɗe yana kallo.

"Ka gani ko? Har yaran sun ɗauka!"

Bayan mota ya sa mu, kan buhunan doya, har Abuja. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Gambo da ya duba kafin ya yanka.