Haƙoran Kallamu Mai Rake

In ka taɓa shan rake mai daɗi a kasuwar Tofa a shekarun baya, da wuya in ba na Kallamu ka sha ba. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a wani ƙauye kusa da madatsar Watari aka haife shi, Barbarcin ma sai na gaisuwa. Sana'arsa sayen rake tun yana tsaye a gona. Sauran 'yan sari kauri suke dubawa da tsawon gaɓa. Shi kuwa sai ya kutsa tsakiyar gona ya karyo ɗaya, ya ɓare da haƙori, ya tauna, ya lumshe ido. In ya tofar ya nufi babur ɗinsa, manomin ma ya san magana ta ƙare.

Wata rana yana taya ƙaninsa tayar da injin ban ruwa, hannun injin ya kufce ya dawo masa a baki. Haƙoransa na gaba, na ƙasa, suka zube.

Ya sa na roba. Ranar da ya fara gwada su a gona, suka maƙale a jikin raken suka fito tare. Manomin ya juya baya yana tarin ƙarya. Daga nan Kallamu ya koma saye da ido kamar kowa, ido kuwa ya yi ta cin amanarsa: rake jibgege, ka sha ka ji kamar ruwan randa. Waɗanda a da suke jiran ya sauke kaya suka koma ɗaga masa hannu daga nesa.

Ɗan yayarsa Abdulkabir, da ke aiki a Rijiyar Zaki, shi ya kawo labarin ana dasa haƙori a cikin ƙashi, ya zauna daram. Suka je asibiti a birni. Likita ya daɗe yana kallon hoton muƙamuƙin.

"Malam Kallamu, babu inda zan kafa su. Ƙashin ya shanye saboda daɗewa ba haƙori. Sai mun ɗebo kaɗan daga ƙugunka mun yi ciko, mu jira ya kama."

"Likita, ɗebi ko'ina. In ƙafar kake so ma ga ta, da ɗaya zan iya shiga gona."

Ya sayar da shanun huɗarsa, aka yi aiki. Aka ja masa kunne: kada a taɓa wurin, a riƙa ɗora ƙanƙara daga waje.

To, ina ƙanƙara a ƙauyensu? Wadda aka sayo daga Tofa, kafin babur ya iso ta zama ruwa a leda. Fuska ta kumbura kamar ƙwarya, Kallamu ba ci ba magana, sai nishi. Matarsa Fanna ta kasa jurewa. A saninta, da sanin uwarta, duk ciwon ƙashi gashi yake so. Ta tafasa ruwa, ta ɗauko tsumma.

"Likita ya hana," in ji Kallamu, rabin maganar da hannu.

"Likita yana birni yana shan fanka, kai kana nan kana mutuwa. Kawo bakin, Malam."

Ya kawo. Kuma gaskiya ya ji sauƙi. Sai ta dage, safe da yamma, tana dannawa da iya ƙarfinta kamar yadda ake yi wa targaɗe. Ba a jima ba ɗinkin ya buɗe, wurin ya fara ruwa da wari.

Likita bai yi faɗa ba. Ya kwashe cikon da ya lalace, ya ce sai wurin ya warke za a sake, kuma in wannan bai kama ba, shi ke nan. Kallamu ya riƙe masa hannun riga.

"Ni ba kyau nake nema ba, likita. Ba ni da wata sana'ar. Bakin nan ne kawai."

Yanzu lokacin rake ya sake zagayowa, ranar aikin ba ta zo ba, gida kuma sai an ci. Sai ya ɓullo da dabara: ya zaga gonaki ya yanko gaɓa-gaɓa, ya kawo tsakar gida, Fanna ta tauna, shi yana kallon fuskarta. Sai dai tun abin nan ba ta iya haɗa ido da shi, kuma ba ta iya faɗa masa abin da zai ɓata masa rai.

"Wannan fa?"

"Da zaƙi, Malam."

"Wannan?"

"Shi ma."

Ya miƙa mata wani da ya san ɗanye ne, wanda ko akuya sai ta yi shawara.

"Fanna, don Allah ki gaya mini gaskiya. Gobe zan biya kuɗin raken gonar."

Ta tauna, ta haɗiye, hawaye na bin kumatunta.

"Da zaƙi," ta ce.