Ƙullin Burodi a Kan Fistin

Akwai injin da har in mutu ba zai fita daga raina ba, domin saura kaɗan ya raba ni da abincina.

Lokacin ina kanikanci a wani gareji ta wajen Badi'a, a Riyad. Ban yi boko ba, hannuna ne ya koya mini abin da na sani. Kafilina, mai garejin, wanda takardar zamana ke hannunsa, ya taɓa gaya mini cewa duk injin da ya mutu a hannuna, jirgi ne zai mai da ni gida. Ba mutum ne mai maimaita magana ba.

Wata safiya wani matashin Balarabe ya kawo tsohuwar mota ƙirar Amurka, da wani inji mai silinda takwas da yake so a saka mata. Ya dire kwali a gabana. Kamshaf ne sabo fil, sandar nan mai tura bawul su buɗe, haɗe da sifirin ɗinsa. Mafi girma ya zaɓo. So yake motar ta riƙa gurnani a danja mutane suna waiwaye.

Ya ce, "Ya mu'allim, wallahi ba a taɓa kwance injin nan ba. Ɗaura kawai."

Ban tambaye shi ba ya rantse. Na duƙa na duba notukan kan injin. Dukkansu da tabon sifana a jikinsu, an shafe da baƙin mai. Alamar an taɓa kwance shi ke nan.

Na ja kafilina gefe. Na ce babban kamshaf yana tura bawul ƙasa sosai, in kuwa an taɓa kankare kan injin, ratar da ke tsakani ta ragu, bawul zai daki fistin. Ya ɗaga kwalin ya karanta.

"Takarda ta ce ya yi daidai. Ka fi waɗanda suka ƙera shi sani ne?"

Na ce, "Takardar ba ta ga wannan injin ba."

Ya ba ni zuwa la'asar. Na tsallaka wajen Ba'afgane mai gasa burodi na roƙi ɗan ƙulli. Na kwance kan injin, na shafa wa ƙullin mai, na manna a saman fistin don in ga iya inda bawul zai sauko, na mayar da komai da sabon kamshaf ɗin. Matashin yana ta dariya.

"Ya mu'allim, abincin rana za ka gasa mana a ciki?"

Na sa sifana na juya injin da hannu, a hankali. Ban kai zagaye biyu ba na ji ya cije. Da na buɗe, bawul ya yanke ƙullin har ƙarfe. Na goge wurin da tsumma, sai ga wani tsohon tabo kusa da sabon, an bi shi da sanfefa.

Na nuna masa da yatsa. "Wannan fa?"

Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana wasa da makullin motarsa kafin ya faɗa. Ashe an taɓa saka irin wannan kamshaf ɗin a wani gareji, bawul suka lanƙwashe, aka kankare kan injin aka gyara. Shi gani yake makanikin ne bai iya ba, shi ya sa ya sake sayo irinsa.

Na ce, "Ina makanikin?"

Ya kau da kai. "Ya tafi ƙasarsu."

Kafilina bai ce mini sannu ba. Waya kawai ya ɗauka ya yi odar matsakaicin kamshaf da sifirin da ya dace da shi. Motar ta tashi lafiya, mai ita yana ƙorafin ba ta da murya.

Har yau ina tuna wancan makanikin da ban taɓa gani ba. Wataƙila ya fi ni iya aiki, yarda kawai ya yi. A ƙasar mutane, in ƙarfe ya karye, baƙon da ya ɗaure noti na ƙarshe shi ne mai laifi. Tun ranar ban sake ɗaure abin da ban auna da hannuna ba.