Kujerar Darakta Da Ta Raba Ni Da Limanci

Edita, ina gaisuwa. A lokacin da wannan abu ya faru ni ne babban mai buga takardu a wani ofishi a Birnin Kebbi, na fi shekara goma a tebur guda. Gidanmu gidan malamai ne, don haka tun da na kama aiki aka miƙa mini limancin azahar da la'asar a ɗan masallacin bayan ofis. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan limancin ya fi komai faranta mini rai a wurin aikin. In na shiga gaba, har darakta a bayana yake tsayawa.

Ana nan sai aka kawo mana sabon ma'aikaci daga Argungu, ɗan gidan masunta, wanda na girma nesa ba kusa ba. Ranar farko ya tattaro tsofaffin fayiloli ya ɗora allon kwamfutarsa a kai har ya zo daidai idonsa. Ya cusa ɗan ƙaramin matashi a bayan ƙugunsa, ya sa guntun katako ƙarƙashin ƙafafunsa. Bayan kowane ɗan lokaci sai ya tashi ya yi miƙa, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Na tambaye shi cikin zolaya ko kewar jirgin ruwan babansa ce ta hana shi zama wuri guda. Ya yi dariya ya ce ciwon baya ya taɓa kwantar da shi a inda ya baro, likita ya koya masa wannan zaman. Ya ƙara da cewa, in ba zan ji haushi ba, ya ga ina aiki a duƙe, wuyana gaba, yana jin tsoron abin da ya same shi ya same ni. Da ladabi ya faɗa, Malam yake kirana, amma na ji haushin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikinsa ya fi nawa tsabta, kuma yana riga ni gamawa. In an tashi shi zai fita garau, ni kuwa sai na dafa ƙugu. Wata rana darakta ya yaba masa a gaban kowa, ya ce a yi koyi da shi. Kafin mako ya zagayo rabin ofis sun jera fayiloli ƙarƙashin kwamfuta. Hassada ta kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Na je na kai ƙararsa, na ce yaron nan yawo ya fi masa zama. Darakta ya ce shi aiki yake dubawa, ba ɗumin kujera ba. Ashe da gaske hassada ga mai rabo taki ce.

Ba da daɗewa ba aka saya wa darakta sabuwar kujera, aka fitar da tsohuwar, ƙatuwa mai laushi mai juyawa. Na ce ni ne babba, tawa ce, na sa aka kai ta teburina. Ɗan Argungun nan ya same ni a gefe ya ce kujerar ta lotsa, ta karkace gefe guda, kuma ta yi wa teburin ƙasa, zan riƙa ɗaga kafaɗa ina aiki. A raina na ce to, shi ma hassadar ta motsa. Na lume a cikinta tun safe, ba na tashi sai an kira azahar, don kowa ya ga wane ne ma'aikacin gaske. Da ciwo ya fara sai na ɓoye. Ina shafa man zafi a gida, ina shan ƙwayoyin kemis. Matata ta ɗinka mini matashi ta ce in tafi da shi, na ƙi, don kada yaron nan ya gani ya ce na bi shawararsa.

Wata la'asar, a ruku'un raka'a ta biyu, bayana ya riƙe. Wani zafi ya tsarga mini tun daga ƙugu har diddige, na kasa ɗagowa, ga jama'a a duƙe suna jiran muryata. Na yi abin da aka koya mana tun muna yara in uzuri ya sami liman: na miƙa hannu baya, na kama rigar wanda na fara taɓawa, na jawo shi gaba ya ƙarasa musu. Sai da na zube a gefe na ji muryar da ta ɗago da mutane. Ɗan Argungun nan ne. Da hannuna na shigar da shi gaba.

A asibiti likita ya ce ƙashin bayana ne ya danne jijiya, kuma mugun zama na shekaru ya taimaka. Ya lissafa mini yadda zan riƙa zama, ban ji ko abu guda da yaron nan bai faɗa mini ba a ranarsa ta farko. Makonnin da na yi kwance, duk ƙarshen mako in ya dawo daga Argungu sai ya biyo da busasshen kifi, ya ce mahaifiyarsa na gaishe ni. Ko sau ɗaya bai ce ai na faɗa maka ba. Da na koma aiki na tarar ya fitar da kujerar, ya jera mini fayiloli daidai idona. Na nemi gafararsa, na gaya masa har ƙarar da na kai. Ya ce ya sani tun lokacin, kuma ya yafe.

Na sami sauƙi, amma ruku'u da sujada sun gagare ni har yau, kuma a karatunmu mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa, don haka limancin ya koma hannun yaron nan. Masu aikin tebur, ku gyara zamanku, ku riƙa tashi, in ciwo ya fara ku je asibiti. Wanda kuke jin zafinsa kuma, in ya faɗi gaskiya ku karɓa. Ni na ƙi, shi ya sa kullum azahar nake jan farar kujerar roba zuwa ƙarshen sahu, in zauna in jira kabbararsa.