Kofi na Goma Sha Biyu

Duk lokacin da jirgin metro ya wuce ta ƙarƙashin gidan da nake haya a Montreuil, kofunan da ke cikin almuwar, wato kabad ɗin jere, sai sun taɓa juna, ƙil ƙil ƙil. Baƙi ba sa ji. Ni kuwa ko ina tsakiyar salla sai gabana ya faɗi, don da wannan ƙarar na girma, a hawa na shida, a Bron kusa da Lyon, inda tiram, jirgin cikin gari, ke girgiza mana tagogi.

Kin san macen Damagaram da jere. Inna ta baro nata a gida lokacin da ta biyo Baba karatu, kwalla da samira har rufin ɗaki, da niyyar shekara uku su koma. Ukun nan ba ta ƙare ba. Wata Lahadi a kasuwar tsofaffin kaya, wadda Faransawa ke kira burokanti, ta ga wani faranti na gilashi ruwan hoda, mai zanen furanni kamar an yi masa lalle. Tsohon da ke sayarwa ya ce na Amurka ne, ba busa shi ake ba, a maƙera ake zuba narkakken gilashi a danne, kuma da can kyauta ake saka shi cikin kwalin hatsi. Inna ta ce, kayan talakawa ne da suka iya ado, irinmu ke nan. Daga ranar ta fara sabon jere, wanda za ta kai gida ta nuna wa mata abin da ta zauna yi a ƙasar sanyi.

Ba ta iya karanta Faransanci ba, amma wallahi ba a yi mata ƙarya a kan gilashi. Babban yatsa take bi da shi har ta ji layin haɗin maƙera, ta ɗaga shi ga haske ta nemi 'yan kumfan da ke ciki. In bai da su, ta aje ta yi tsaki.

Mu kuwa falo ya fi ƙarfinmu. Ba gudu, ba tsalle, ba kawo ƙawaye. Kowace Asabar, ina jin yaran unguwa suna ihu a ƙasa, ni ina gaban roba da tawul shimfiɗe a gindinta, ina wanke kwanonin da ba a taɓa cin komai a cikinsu ba. Baƙo sai dai ya sha shayi a kofin roba yana kallonsu. Na tsane su, ba zan ɓoye miki ba.

Ina shekara tara ta sayo kofuna masu launin tsanwa, dozin guda, naɗe cikin jarida. Ta tafi alwala ta ce in kwance in wanke. Lokacin hunturu ne, yatsuna sun sandare, sai na buɗe ruwan zafi a kan na farko. Ko ƙara bai yi ba sosai, ya rabe biyu a hannuna. Na cusa shi cikin jakar lakwal, ƙarƙashin littattafaina, washegari na jefa a kwandon sharar tashar tiram.

Inna ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. "Sha ɗaya! Tsohon nan ya cuce ni, Allah ya isa."

Na bar laifin a kan tsohon. Ta ce jere ba ya shiga gari da giɓi, matan gida da ido suke ƙirga, kafin ki aje musu ruwa sun gama. Sai ta samo na sha biyun za ta koma. Na ɗauka magana ce irin ta manya. Ashe Lahadina duka sun tafi ke nan. Bas, tiram, filayen ƙauyuka cikin hazo da warin tsohuwar takarda, ita a gaba da lulluɓi a kan manto, rigar sanyinta, ni a baya ina fassara. Duk teburin da muka tsaya, addu'a nake Allah ya sa a samu, in huta da abin da ke cikina.

Da Baba ya aje aiki ya koma Damagaram, ya gina mata ɗaki har da kantoci a bango. Duk Juma'a sai ya kira.

"Hajiya, yaushe za mu gan ki?"

"Saura kofi ɗaya, Malam."

Ya yi dariya da farko, daga baya ya daina. Ni a lokacin na samu aiki a Paris, kuma na riga na faɗa musu ba zan iya zaman gida ba. Sau nawa na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da niyyar in ce, Inna, ni ce na fasa, ki tafi wajen mijinki. In na iso sai in tarar tana goge kwanonin, ta ce kin rame, zauna ki ci. Na bincika intanet har na gaji, na samu masu kama, ta shafa ta ce ba shi ba ne. A raina ni ce na ɗaure tsohuwar nan a hawa na shida, da ruwan zafi na minti ɗaya.

A nan ta rasu, bara da kaka. A nan aka binne ta.

Ina kwashe ɗakinta, a ƙasan akwatin zannuwa na ji wani abu mai tauri cikin ɗankwali, wani shuɗi da ta daina ɗaurawa tun ina lise, wato sakandare. Na kwance. Kofi ne mai launin tsanwa, da layinsa da kumfansa, jaridar da ke ciki ta yi ja don tsufa. Ashe ta daɗe da samunsa. Na zauna a ƙasa ina ta kuka, rabi baƙin ciki, rabi haushi. Haba Inna! Shekara da shekaru kina jan mu kasuwa, abin yana ƙarƙashin zannuwanki? Sai daga baya na gane cewa ranar da kofin ya hau almuwar, ranar ba ta da sauran hujjar zama, kuma ta san 'yarta ba za ta bi ta ba.

Yanzu dozin ya cika, jeren ya cinye rabin ɗakina. Ba na gudu a ciki, ba na kawo ƙawaye, ranar Asabar ina shimfiɗa tawul a roba. Baba ya tsufa, kantocin nan na nan wayam. Juma'ar da ta wuce ya kira, bayan gaisuwa ya ce in kai kayan uwata gida, ko su ya gani a ɗakinta. Na dubi kofin. In na kai, zai ƙirga, zai tambayi inda aka samu, ni kuma ba zan iya gaya wa tsoho cewa matarsa ta zaɓe ni ta bar shi yana jira ba.

"Yaushe za ki kawo su?" ya sake tambaya.

Na ce, "Saura kofi ɗaya, Baba."