Ranar da Sabar Asibitinmu Ta Ƙi Tashi

A ƙarshen shekarun casa'in ina aikin buga tafireta a wani ƙaramin asibitin mishan da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Wata shekara aka ba mu kyautar kwamfuta uku. Biyu aka ajiye a ɗakin kati, babbar kuwa aka kai ta tsohon siton katifu. Ita ke riƙe da bayanan marasa lafiya gaba ɗaya, sauran biyun a wurinta suke tambaya. Saba ake ce mata. Da yake ni kaɗai ke buga rubutu ba tare da kallon yatsu ba, sai aka ɗora mini kula da ita.

Injiniyan da ya haɗa ta daga Jos ya zo, ya yi mana kwana huɗu. Ba shi da yawan magana. Allon sabar baƙi ne wuluk, sai wani ɗan layi da ke ƙiftawa yana jiran a rubuta masa umarni. Ya rubuta mini guda uku a bayan wani kati: na tayar da rumbun bayanan, na tsayar da shi, da na sake tayar da shi idan ya cije.

Ya ce, "Madam, kunna kwamfuta daban, tayar da rumbu daban. Kuma kada ki kashe ta da makunni. Ki rubuta na tsayarwa, ki jira sai ta ce ta rufe."

Haka na riƙa yi, safe da yamma, fiye da shekara. Mai kula da janaretonmu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgi. In ya ga wuta na rawa sai ya ƙwala mini kira daga bayan taga, "'Yata, rufe abinki!" Ni kuma in rufe.

Wata rana da damina Baba mai janareton ya tafi biso, wato jana'iza, a Gwantu. Wajen sha biyun rana aka ɗauke wuta, ana tsakiyar shigar da sunaye. Batirin da ya kamata ya riƙe sabar ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo na kunna ta, na rubuta umarnin tayarwa. Ta amsa da Turanci cewa ai rumbun yana aiki. Na rubuta na tsayarwa, ta ce babu abin da za a tsayar. Na gwada na ukun, duk kanwar ja ce.

Ina zaune ina kallon allon sai ga babbar Sista ta shigo, wani Bafulatani na biye da ita. Matarsa ya kawo a kan babur daga wata ruga kusa da Kagoma, zazzaɓi ya kayar da ita. Bara an yi mata wata allura a nan, jikinta ya kumbura har numfashi ya nemi gagararta. Bai san sunan allurar ba. Katinta ruwa ya cinye shi wajen ƙaura, likitan da ya duba ta kuma ya bar aiki.

Sista 'yar ƙasar ce, Hausarta ba ta damu da mace ko namiji ba. Ta ce, "Buɗe mini wannan abu. Matan nan yana kwance, ba zan ba shi allura da ka ba."

Na ce, "Mama, ta ƙi tashi."

"To, ki sa shi ya tashi."

Wayar ofis ta mutu tun ruwan farko, balle a kira Jos. Sai na tuna wata magana da injiniyan ya yi a tsaitsaye, wadda na rubuta a littafina. Ya ce duk sa'ad da rumbun ya tashi yakan ajiye wani ɗan fayil, alamar cewa yana aiki, in an rufe shi daidai sai ya goge abinsa. In wuta ta kashe shi farat ɗaya, fayil ɗin zai zauna yana shaidar ƙarya. Ana iya goge shi da hannu, amma sai an tabbatar rumbun a kashe yake, in ba haka ba a lalata komai.

Na kira jerin abubuwan da ke aiki a cikin sabar. Na ɗora rula a kan allon, na bi layi-layi har sau biyu. Sunan rumbun ba ya ciki. Na goge fayil ɗin, na rubuta umarnin tayarwa.

Rubutu ya fara gudu. Mutumin yana tsaye bakin ƙofa, ya jingina da sandarsa. Can ya ce, "Inna, me take yi?"

Na ce, "Tana tattara abin da ya zube."

Ya gyaɗa kai. Mun kai kusan rubu'in awa a haka kafin ta ce ta shirya.

Mata uku na samu masu suna irin na matarsa. Na tambaye shi yaushe suka zo, ya ce ana cikin haƙar citta. Ɗaya ce kawai aka kwantar a lokacin, kuma a ƙarƙashin sunanta likita ya sa an rubuta kada a ƙara yi mata fanisilin. Sista ta kwafa a tafin hannunta da biro, ta fita, shi ma ya bi ta.

Sunayen da aka shigar da safiyar nan sun ɓace, na zauna na sake buga su daga takardu har aka tashi. Matar ta yi kwana biyar aka sallame ta.

Bayan mako biyu mijin ya dawo da ƙwaryar kindirmo ya kai wa Sista. Mun haɗu da shi a baranda, ya gaishe ni gaisuwar da ake yi wa kowa, bai gane ni ba. Da za a tashi Sista ta aiko mini da rabona a cikin kwano.