U Pe Thaung, Mai Fassara Barkwanci da Fensir

U Pe Thaung tsohon mai yankan tikiti ne a jirgin ruwan da ke tsallaka kogin Yangon. Da ya yi ritaya, sai ya tare a shagon hayar littattafai na Daw Nyunt Yi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, in ka raba shi da shagon nan ka gama da shi.

Halinsa ɗaya ne mai ban haushi: ba ya barin barkwanci ya wuce bai yi masa bayani ba. Akwai wani littafin ban dariya na dodanni da matsafa da duk unguwa ke rububi. Ya bi shi da fensir shafi-shafi. A cewarsa, wai da mutanen layinmu marubucin littafin yake. Dodon da ke barci a bakin gada, ya rubuta a gefe: "Mai gadin kasuwa ke nan." Ni mai shayi, ni ne kwaɗon da ke tsuga wa sarki ruwa a madara. Har yau abin yana ci mini rai.

A gefen mayya mai haƙorin zinariya kuwa ya rubuta: "Mai shagon nan."

Ranar da Daw Nyunt Yi ta gani, ƙasa-ƙasa ta yi magana. "Kawu, ajiye littafin. Kada na ƙara ganin ƙafarka a nan."

Ta goge rubutun tas. Shi kuma ya dawo rumfata, ya zauna yana kallon shagon, shayi na hucewa a gabansa. Wallahi ya ba ni tausayi, duk da kwaɗon.

Sai ciniki ya tsaya. Kowa ya buɗa littafin, ya ga gefe fari fat, sai ya mayar. Wata mai sayar da kifi ta ce mata, "Yaya, ni fa ba don dodanni nake karɓa ba. Ina aka kai mu?"

Da kanta ta tsallako titi, ta dangwara masa littafin da sabon fensir. "Rubuta kowa. Ban da ni."

Ya karɓa, ya kuma cika alkawari. Na je na duba da idona. A gefen mayya ya rubuta: "Wannan ba Daw Nyunt Yi ba ce ko kusa. Nata haƙorin a hagu yake."