Tapisa da Ɗanta Mai Furfura

Ran da aka haifi Tapisa a Sikulik, wani ƙauyen bakin teku can ƙarshen arewacin duniya, ƙasar ƙanƙara, wani ƙaton maharbi ɗan shekara talatin da bakwai ya shigo ɗakin mai jego, ya durƙusa gaban jaririyar yana kuka har da majina, yana cewa, "Inna, kin dawo?"

Jaipiti ke nan. Yana ɗan shekara bakwai jirgin ruwan likitoci ya zo gwajin tarin fuka, aka hau da uwarsa aka yi Kudu da ita, ko sallama ba a bari sun yi ba. Har yau ba wanda ya san inda kabarinta yake. Sunanta aka raɗa wa jaririyar, mu kuwa ƙabilar Inuit in aka ba ka sunan mutum, to an ba ka shi ɗungurungum: 'ya'yansa naka ne, jikokinsa naka ne, har abokan faɗansa ka gada.

Haka Tapisa ta tashi da ɗa mai gashin baki. Tana wasan 'yartsana zai zo ya ajiye mata kifi mafi maiƙo, ya tambaye ta ko ya fita farauta. Don tsokana sai ta yamutsa hanci, wato a'a, ƙato ya koma gida ya zauna yini guda, yara su yi ta dariya. Da ta girma dariyar ta ƙare. A garin da ba titin shiga ba na fita, sai jirgin sama sau biyu a mako in iska ta ga dama, nauyin zama uwar rabin gari ya ishe ta. Ta tafi karatun nas, da ta gama ta zaɓi aikin yawo: mako shida nan, mako huɗu can, duk ƙauyen da nas ɗinsa ta tafi hutu ko ta gudu. Jaka ɗaya, takalmin fata, butar shayi. A can ita Nas ce kawai, ba uwar kowa ba. Shekara goma sha huɗu tana zille wa Sikulik, har ran da ofis ya ce sunanta takamaimai garin ya nema.

Ulipika ce ta tare ta a filin jirgi da babur ɗin ƙanƙara. 'Yar Jaipiti ce, mai sharar asibiti, ta girme wa Tapisa da shekara goma.

"Kaka! An ga dama? Ai mun ɗauka sai a akwati za a kawo mana ke."

"Ke dai bakin nan naki ba ya tsufa. Ja mu je, hancina zai cire."

"Ɗanki ba lafiya. Nas uku suka ce ya hau jirgi, ya ce su hau da kansu, su da suke son yawo."

Nan Tapisa ta gane. Ashe ba nas suka aika a kawo musu ba, uwar Jaipiti suke nema.

A asibiti ta duba Jaipiti. Ƙafafu sun kumbura suntum, ruwa ya taru a huhu, zuciya ta gaji. Ta waya likita ya ce a turo shi birni ba tare da ɓata lokaci ba. Kafin a gama maganar guguwar ƙanƙara ta rufe garin. Kwana uku ko gidan da ke kallon asibitin ba a gani, ƙanƙara ta toshe ƙofar baya, ta gaba kuma sai an haƙa. Jaipiti na kwance da robar iska a hanci. Danginsa sun cika ɗakin jira, sun shimfiɗa kwali a ƙasa suna yankan daskararren kifi suna ci. Duk sanda Tapisa ta gifta sai idanu su bi ta.

A rana ta biyu ya kama hannunta.

"Inna, can da suka kai ki, akwai taga?"

Ita da ba a haife ta ba sai bayan shekara talatin! Amma ta san ɗakunan asibitocin Kudu, ta yi aiki a cikinsu. Ta ce, "Akwai."

"Ana ganin teku?"

"Bishiyoyi ake gani."

"Bishiyoyi! Me mutum zai yi da bishiya, in ba tare ido ba?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ni ba na jin maganar 'yan yaran nan. Amma ke in kin ce in tafi, zan tafi. In kin ce in zauna, in zauna."

Ta hau sama ɗakinta ta rufe ƙofa, haushi kamar ta fasa ihu. Ba ta taɓa haihuwa ba, ko goyo ba ta taɓa yi ba, an ɗora mata ran tsoho ɗan shekara saba'in da bakwai. In ya zauna, makonni ne suka rage masa, amma a gadonsa, yana kallon teku. In ya tafi, wataƙila shekara biyu, wataƙila kuma ya mutu inda aka kai uwarsa. Ta leƙa taga, fari fat, ba sama ba ƙasa. Ko gudu take so, ina za ta?

Rana ta huɗu gari ya washe, aka ce jirgi na tafe. Ta tsaya a kansa ta ce, "Ɗana, tashi ka tafi." Ya ɗaga gira, wato to. Daga nan sai hidima: cika takardu, ƙirga ƙwayoyi, sauya tulun iska, ɗaure shi a gadon ɗauka. Kafin ta ɗago kai an rufe ƙofar jirgi.

Kwana goma sha tara ya yi a birni, rai ya yi halinsa. Tana wani ƙauye, Ulipika ta kira ta. Ta ce an dawo da shi cikin akwati, tsakanin buhunan fulawa da katan-katan na madara.

"Ba mu ga laifinki ba, Kaka. Abu ɗaya ne dai. Kin ce ya tafi, ba ki ce ya dawo ba. Kin san halinsa, ba ya ƙari a kan maganarki."

Tapisa nas ce, ta san abin da ke tsayar da zuciya da abin da ba ya tsayar da ita. Saninta bai hana maganar nan bin ta ƙauye bakwai ba, tana cin ta kamar tsakuwa a takalmi.

Bayan shekara da rabi aka sake rasa mai zuwa Sikulik, aka tura ta. Mako na biyar, da hantsi, Mika 'yar Ulipika ta shigo a guje, ta zaro jariri ɗan wata uku daga rigar goyo. Ƙirjinsa na lotsawa, leɓɓansa sun fara shuɗi. Tapisa ta ƙirga numfashi, saba'in a minti. Ta jawo kati ta ce, "Sunansa?"

Mika ta sunkuyar da kai. Ulipika ce ta amsa daga bakin ƙofa, tsintsiya a hannu. "Kina tambayar sunan ɗanki? Jaipiti ne. Ke za ki faɗa masa ya tafi ko ya zauna."

Wannan karon ba abin yin shawara. Ta sa masa iska, ta kira jirgi. Bin sa kuma ba hali, ita kaɗai ce nas a kan mutum ɗari biyar. Mika ce za ta raka shi.

A filin jirgi rabin gari ya fito. Ma'aikaciyar jirgin ta miƙo hannu, matuƙi na nuna agogo yana nuna sama. Tapisa ta ce su jira. Ta cire safar hannu, ta buɗe bargon, ta ɗaga murya yadda na bayan baya zai ji.

"Jaipiti, ɗana, ka tafi a duba ka. In sun gama ka dawo gida. Ka ji ko? Ka dawo. Ni na ce."

Ulipika na rantsuwa har yau cewa yaron ya ɗaga gira. Tapisa ba ta gani ba, hawaye sun daskare mata a ido.

Makonta shida ya cika ran Talata. Nas mai canjinta ta sauka, aka sa jakar Tapisa a jirgi, ta ce a sauko da ita. Ofis ya kira yana tambayar dalili, ga ƙauye na gaba na jira. Ta ce ta ce wa yaro ya dawo, ba zai zo ya tarar ba ta nan ba.

Yau kwana ashirin da uku ke nan da tafiyar yaron. Duk ranar jirgi tana bakin filin tun kafin a ji ƙararsa.